Mako Biyu Kafin A Koma Makaranta: A Fara Da Barcin Bayan Asuba

Dogon hutu yana ƙarewa ne daidai lokacin da damina ta yi nisa a Sakkwato. Gero ya kusa isa girbi, sauro ya yi yawa, garin ya yi sanyi mai daɗin barci, yara kuma sun shafe makonni babu ƙararrawar da ke jiransu. A gidaje da dama, daga Mabera har Arkilla, tsarin hutun kusan iri ɗaya ne. A tashi yaro sallar asuba, ya yi ta ido a lumshe, ya koma shimfiɗa, sai tara ko goma ya farka. Da dare kuma barci ba ya ɗaukarsa sai sha ɗaya ta gota. Ranar Litinin ɗin komawa, wannan yaron ake so ya yi wanka, ya karya, ya sa yunifom, ya tsaya a layin asambuli kafin takwas. A nan ake samun kuka da tsawa da bulala, har a ce hutu ya lalata shi. Alhali agogon jikinsa ne aka bari ya zame da kusan awa uku, sannan ake neman dawo da shi a dare ɗaya, jikin ɗan Adam kuwa ba ya karɓar irin wannan gaggawa.

Mu fara da lissafi, don shi ke nuna girman aikin. Likitocin barci sun daidaita a kan cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a yini da dare, har da barcin rana. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. A watan Satumba alfijir na ketowa a Sakkwato wajen biyar da kwata, rana ta fito wajen shida da rabi, magariba ta yi wajen bakwai saura minti ashirin, isha'i kuma dab da takwas. To idan ɗan shekara takwas zai tashi biyar da rabi kuma ba zai koma ba, dole takwas da rabi ta same shi yana barci, ba yana shirin kwanciya ba. Ma'ana abincin dare ya faɗo tsakanin magariba da isha'i, ana sallame isha'i a nufi shimfiɗa. Gidan da ake sauke tuwo ƙarfe tara ba zai iya ba wa yaro wannan barcin ba, ko da an yi masa faɗa kullum.

Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa daga dare. A kashe fitila ƙarfe takwas, a ce kowa ya kwanta. Yaron da ya tashi ƙarfe goma na safe awa goma kawai ya yi a farke, barci bai taru masa ba, sai ya yi ta juyi, ya tsokani ƙanensa, ya nemi ruwa, ya nemi fitsari. Barci ba a yi masa dole, amma tashi ana yi. Don haka daga safiya ake kama gyaran, dare ya biyo baya da kansa.

Ga yadda ake yi. A duba lokacin da yaron yake farkawa yanzu, a riƙa rage minti 15 kowace rana, a kuma ja lokacin kwanciya baya da minti 15 ɗin. Tazarar awa uku minti 180 ce, wato kwana 12 ke nan, shi ya sa ake cewa a fara saura mako biyu. Mai tashi tara da rabi gobe ya tashi tara da kwata, jibi tara, a haka har barcin bayan asuba ya ƙanƙance ya ɓace. Idan an makara, saura mako guda, a rage minti 30 a rana. Zai yi ƙunci kwana biyu ko uku, amma ya fi a bar shi sai ranar Litinin. Ƙananan da ba a fara tashinsu sallar asuba ba, a nufi ƙarfe shida ko shida da kwata da su.

Tashin kaɗai bai isa ba, sai an fito da yaron waje. Hasken safiya da ke shiga ido shi ne babban abin da ke saita agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa, shi ke sa jiki ya fara sakin sinadarin barci da wuri idan dare ya yi. Yaron da aka tasa ya koma ɗaki mai labule ya kwanta a kujera bai tashi ba. A ba shi abin yi a tsakar gida na minti ashirin ko talatin: shara, zuba wa tumaki dusa, watsa wa kaji tsaba, aiken sayen ƙosai a bakin layi, ko ya shimfiɗa tabarma a waje ya yi tilawarsa. Ko da hadari ya rufe sama, hasken waje ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa. Mun yi sa'a a wannan gari, rana ba ta yi mana rowa.

Abubuwan da ke rushe wannan shiri sanannu ne. Na farko barcin yamma. Yaron da aka rage wa barcin safe zai nemi ramuwa, kuma idan aka bar shi ya kwanta bayan la'asar ya kai magariba, an koma gidan jiya. Ƙailula tana da kyau, amma ta zama bayan azahar, minti 30 zuwa 45 ga 'yan firamare, a tashe su kafin la'asar. 'Yan nazare ana iya barinsu su yi awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Na biyu Asabar da Lahadi: idan aka ce a bar su su huta suka kai goma, aikin kwana biyar ya tafi. Sassaucin ƙarshen mako kada ya wuce awa ɗaya. Na uku shayi. Ganyen shayi da goro da lemun kwalba irin na kola duk suna ɗauke da sinadarin da ke korar barci, kuma yana daɗewa awanni a jiki. Yaron da ya zauna teburin mai shayi bayan isha'i ya sha shayi mai kauri, ba taurin kai ke hana shi barci ba. Daga la'asar a tsayar da waɗannan. Kuma don Allah kada a ba yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci. Wannan ba gyaran agogo ba ne, hatsari ne.

Sai waya da talabijin, waɗanda su ne suka fi wuya. Hasken fuskar waya dab da ido yana jinkirta barci, abin da ake kallo kuma yana tayar da hankali ya hana shi kwanciya. A ajiye su awa ɗaya kafin lokacin barci. Dokar da ta fi aiki ita ce wadda ta shafi wuri: duk wayoyin yara su kwana a ɗakin Inna ko Baba, can ake cajinsu. Matsalar da muke da ita a nan ita ce wuta, domin sau da yawa da dare ake kawo ta, gida ya ɗauki murna, a kunna kallo ƙarfe tara. Idan manya za su yi kallo, to a rage murya, a kuma tabbatar yara ba a falon suke kwance ba. Yaro ba zai yarda dare ya yi ba alhali yana jin dariyar yayyensa ta bayan labule. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo kuma a sani cewa gasar zakarun Turai tana farawa a Satumba, manyan wasanninta ana take su ƙarfe takwas na dare agogonmu a tsakiyar mako, a tashi dab da goma, kafin yaro ya tako gida ya gama musun wasa sha ɗaya ta yi. Daga ƙarshen Oktoba ma sai tara ake takewa. A yi yarjejeniya tun yanzu: wasannin Asabar da Lahadi da rana ko yamma an yarda, na daren Talata da Laraba a ji sakamako da safe.

Matasa suna da uzurin da ya kamata a sani. Idan yaro ya balaga agogon jikinsa yana karkata zuwa dare da kansa, barci ba ya zuwa masa da wuri kamar ƙannensa. Ɗan aji huɗu na sakandare da aka tura shimfiɗa takwas da rabi zai kwanta ne kawai ido biyu. A nufi tara da rabi da shi, a riƙe lokacin tashi da ƙarfi, a zauna da shi a yi lissafin tare. Wanda zai rubuta WAEC da NECO a wannan shekarar karatu yana jin magana idan aka nuna masa cewa sai an yi barci abin da aka karanta yake zama a kai, kuma karatun tsakar dare da gyangyaɗi a aji asara biyu ce.

Yawan awanni ba ya amfani idan sauro ya raba dare yana cizo. Wannan ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara, daga tsakiyar damina har bayan ɗaukewar ruwa, kuma shi ke cinye makonnin farko na zango ga yara da yawa. A sauke gidan sauro a duba shi da rana a gaban haske, a ɗinke duk huda komai ƙanƙantarta, a tabbatar ana cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Wanda aka wanke a shanya shi a inuwa, rana tana kashe maganin da ke jikinsa. Maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bayarwa wata-wata a damina na 'yan wata 3 ne zuwa ƙasa da shekara 5, kuma na kwana uku ne. Su ba da na ranar farko, uwa ta cika sauran biyun, kada a ajiye su a manta. 'Yan firamare ba sa cikin wannan rabo, gidan sauro ne garkuwarsu. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jini kafin a ba shi maganin maleriya, in an fara kuma a ƙarasa kwana ukun ko da ya miƙe yana wasa.

Tunda ana maganar lafiya, a duba kan yara maza kafin askin komawa. Makero yana yaɗuwa ta injin aski da hula da matashin kai, kuma na fatar kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni daga asibiti. 'Yan mata a tsefe kitso a duba ƙwarƙwata a bayan kunne da ƙeya kafin a yi sabo. A gwada idon yaro da abu mai sauƙi: a rubuta haruffa a takarda da girman rubutun allo, a manna a bango, ya tsaya taku shida ko bakwai, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sannan ɗayan. Yara da yawa da ake kira daƙiƙai allon ne ba sa gani daga bencin baya. Mai sikila ko asma kuwa, uba ko uwa su je da kansu su gaya wa sabon malamin aji, domin malamin bara ya sani, na bana bai sani ba: a bar shi ya sha ruwa a aji, a bar shi ya fita fitsari, kada a sa shi gudu ko yankan ciyawa cikin rana.

Ciki ma yana da nasa agogon. Yaron da ya saba karyawa ƙarfe goma ba ya jin yunwa shida da rabi, sai ya ture kofin koko, a yi ta fama, ya tafi da ciki wayam, kafin a fita tara ya fara hamma. Yadda ake jan lokacin tashi haka za a riƙa jan lokacin karin kumallo, ya zama minti talatin zuwa arba'in bayan tashi. Koko zalla ruwa ne da gasara da sukari, ba ya kai yaro ko'ina. A haɗa shi da ƙosai uku ko huɗu, ko dafaffen ƙwai ɗaya, ko a yi kunun gyaɗa mai kauri. Ɗumamen tuwo yana riƙe ciki fiye da shayi da burodi, sai dai a tafasa miyar sosai har ta yi zafi ciki da waje, musamman a damina da gudawa ke yawo. Masa da alale da ɗanwake duk suna yi. Kuɗin tara kuma a tsayar da adadinsa tun kafin a koma, a faɗa wa yaro, don kada ya zama abin ciniki a bakin ƙofa kowace safiya. A tanadi gorar ruwa mai murfi ga kowane yaro, a rubuta sunansa, a riƙa wanke ta da sabulu kullum. Oktoba na tafe da zafinta bayan ɗaukewar ruwa.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba saboda kunya, wato bayan gida. Yara da yawa ba sa iya shiga ban-ɗakin makaranta, sai su matse tun safe har a tashi, daga nan a samu taurin bayan gida da ciwon ciki, ƙananan kuma su ɓata wando a aji su tsani makarantar gaba ɗaya. Hanji yana motsawa ne jim kaɗan bayan an ci abinci. A saba wa yaro ya zauna minti biyar bayan karin kumallo ko da bai ji ba, cikin mako biyu jikinsa zai kama lokacin. Mai shiga nazare a koya masa cire wando da mayarwa, da tsarki, da wanke hannu da sabulu, da kuma yadda zai ce wa malama yana jin fitsari da babbar murya.

Saura kwana uku, a yi gwajin safiya sukutum, kamar yau ake komawa. A nan ne ake gano inda lokaci ke zurarewa. Gida mai yara biyar da makewayi ɗaya, in kowa zai ɗauki minti goma, minti hamsin sun tafi a wanka kawai. Gawayi ya sha danshin damina ya ƙi kamawa, ana ta fifita, ruwan koko bai tafasa ba. Takalmi ƙafa ɗaya yana ƙarƙashin gado, safa ɗaya tana kan igiya a jiƙe, ƙaramar tana kuka hijabinta ya ɓata, mai kabu-kabu yana ta hon a waje. Maganin yawancin wannan da dare ake yinsa. A cika bokitai tun bayan isha'i, a jera wanda zai fara wanka da wanda zai bi, manya su fara don su taya ƙanana shiri. A ajiye gawayi a wuri busasshe, a dama gasara a rufe. Kowane yaro ya sami ƙusa ɗaya a bango da zai rataye yunifom da jaka, takalmi a ƙasanta da safa a ciki. Guga kuma a yi ta duk lokacin da aka samu wuta, ko a yi da dutsen gawayi ranar Lahadi, ta mako guda gaba ɗaya in akwai kaya biyu.

A gwada hanyar ma a ainihin lokacin, domin titin da ake bi cikin minti goma da hantsi ba haka yake ba ƙarfe bakwai da rabi, ga kuma lungunan da ruwa ke kwanciya in an kwana ana sheƙawa. In mai kabu-kabu ko mai keke ne zai riƙa kai su, a daidaita da shi yanzu: lokaci, kuɗin wata, da wanda zai zo in ya sami matsala. A karɓi lambarsa, a san gidansa. Jera yara huɗu ko biyar a babur ɗaya, ƙarami a kan tanki, abu ne da ido ya saba gani, amma sabo bai rage hatsarinsa ba; gara sawu biyu ko a haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauki keke. Masu tafiya a ƙasa a bi da su sau ɗaya, a nuna musu inda za su tsallaka titi, a kuma gaya musu sunayen mutanen da aka yarda su ɗauko su.

Kayan makaranta ba sa buƙatar dogon bayani, sai dai lokaci. A sa wa yaro yunifom ɗin bara yau a gani, don yara suna tsawo a hutu. Tela a makon ƙarshe alkawari kawai yake iya bayarwa, a kai ɗinki saura mako uku, a ce ya bar ninki a ƙafar wando da hannun riga. Takalmi a gwada da yamma da safa a ƙafa, a bar faɗin babban yatsa a gaba, yaron ya taka shi a gida kwana biyu kafin ranar don kada ya yi masa kanta. Jaka kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin yaro, wato mai kilo 25 kada ya ɗauki abin da ya kai kilo 4. Littattafan karatu kuma a jira jerin da makaranta za ta bayar kafin a saya, a tambayi maƙwabta ko akwai na yayye da ke da sauran amfani.

Karatun kansa a taɓa shi, amma da sauƙi. Lissafi ne ya fi saurin zubewa a hutu, domin ba a yinsa a hira kamar yadda ake magana. A ɗauko katin sakamakon zangon da ya wuce, a ga darasi biyu da yaron ya fi rauni, a tsaya a kansu. Minti 20 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, minti 30 zuwa 40 ga na sama, kuma a yi shi da safe wajen tara, lokacin da zai kasance a aji in an koma. Haddar sau, daga biyu har sha biyu, da baki. Karatu a bayyane shafi ɗaya, Hausa da Turanci, sannan a rufe littafin ya faɗi abin da ya fahimta. Shifta ta kalma goma don hannu ya tuna riƙon biro. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya riƙe wannan zama: ta zaunar da shi, ta sa ya karanta mata, ta sa yayansa ya duba. Kasuwa ma aji ce, a aike shi da naira dubu ya sayo abu uku ya lissafa canji kafin ya karɓa. Abin da ba a so shi ne a tara masa awa uku a rana da bulala a gefe don a rama hutun da ya wuce, ya shiga sabon aji ya riga ya gaji da littafi.

Yaranmu makaranta biyu suke yi, wasu uku: boko da safe, Islamiyya da yamma, wani kuma allo ko hadda da dare ko bayan asuba. A hutu wasu Islamiyyu suna mayar da karatu safe, in an koma boko su dawo yamma, don haka a tambayi malam jadawalin tun yanzu. A zauna a rubuta ranar yaron awa bayan awa a takarda. Idan ya dawo boko ƙarfe biyu, Islamiyya huɗu zuwa shida, makarantar dare har tara da rabi, ina lokacin jinga, ina na wasa, ina awa taran barci? In lissafin bai fita ba, a je wurin malam cikin girmamawa a nemi a sallami ƙananan da wuri a daren da ake boko washegari, a ƙara musu a Asabar da Lahadi. Hadda ba ta zama a kan da bai yi barci ba, malaman allo sun fi kowa sanin haka.

Waɗanda aka kai hutu ƙauye wurin kakanni a dawo da su saura mako guda aƙalla. Komawa makaranta tana haɗuwa da fara girbin gero, kuma gaskiya ne ana buƙatar hannu a gona, amma a tsara aikin yaran ya faɗo a Asabar da Lahadi. Haka 'yan matan da suka riƙe talla a hutu, a janye su daga tallar dare tun yanzu. Akwai maganar da ta zama ruwan dare, wai makon farko ba a karatu, shara ce da cire ciyawa. A makon nan ne ake raba aji da wurin zama, malami ya san fuskoki, a ba da jerin littattafai da jadawali. Wanda ya zo a mako na biyu ko na uku bencin baya zai samu, abokai sun riga sun haɗa kansu, kuma ya koyi cewa makaranta wuri ne da ake zuwa in an ga dama. Malamai ma suna jan ƙafa ne saboda sun ga aji rabi. In yara suka cika ranar farko, karatu yana farawa.

Wani yaron kuma ba barci ne matsalarsa ba, tsoro ne. Alamarsa ciwon ciki ko ciwon kai da ke zuwa da safe ya tafi da hantsi, ko fitsarin kwance ga wanda ya daina, ko yawan maƙalewa jikin uwa. Kada a tambaye shi gaban 'yan'uwansa. A ja shi gefe lokacin wani aiki, ana tsinar shinkafa ko ana tafiya masallaci, a ce, "Auta, wa kake ɗokin gani in an koma? Wa kuma ba ka son haɗuwa da shi?" Tambaya ta biyun ce ke fito da maganar babban yaron da ke ƙwace masa kuɗin tara, ko malamin da yake tsoro, ko kunyar maimaita aji. In an ji, a je makarantar a makon farko a yi magana da malamin aji ko hedimasta, kada a ce masa kawai ya zama namiji. Mai shiga sabuwar makaranta, musamman daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare, a kai shi ya ga ƙofar da ajin da ban-ɗakin kafin ranar. Mai shiga nazare a yi masa sallama gajera a faɗa masa wanda zai zo ɗaukarsa da lokacin, a tafi. Sulalewa a ɓoye tana sa gobe ya riƙe zane da hannu biyu. Kuma a daina yi wa yara barazana da makaranta a hutu, irin su "bari a koma, Malam zai yi maganinka". Idan akwai ragowar kuɗin makaranta, uba ya je ya yi magana da hukumar makarantar kafin ranar, a tsara biya, don kada a kira sunan yaro a asambuli a koro shi gida.

'Yan makarantar kwana a ƙara musu da koyon wankin kayansu da ɗaura gidan sauro da kansu, a rubuta suna a kan bokiti da kwano da akwati da fenti, wanda yake fitsarin kwance kuma a gaya wa mai kula da ɗakin kwana a asirce.

Ko an yi duk wannan, makon farko zai zo da gajiya. Yaro zai dawo da saurin fushi, ya yi kuka a kan abin da bai kai ba, wani ya yi barci da yunifom a jikinsa. A ba shi abinci da ruwa tukuna kafin a tambaye shi jinga, a bar shi ya yi ƙailularsa gajera, a riƙe lokacin kwanciya yadda aka tsara har Asabar da Lahadin farko. Yawanci cikin mako biyu jiki yake daidaita. Idan an wuce wata guda yaro yana samun awanninsa cikakku amma har yanzu yana gyangyaɗi a aji, ko yana minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, ko tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, a kai shi asibiti a duba jininsa da maƙogwaronsa.